Wane kifi ne wannan ya kama min ƙugiya? Tambayoyi da amsoshi kan gane ƙananan kifaye

Na jefa fatsa a rafi na ciro wani ɗan kifi kamar tsawon yatsa, ta ina zan fara duba shi?

Ka manta da launi tukuna. Wallahi launi shi ya fi yaudarar mutane, kifi ɗaya in ka kamo shi a ruwa mai laka za ka gan shi fari-fari, a ruwa garai kuma ya yi duhu, kuma minti kaɗan bayan ya fito daga ruwa launin ya fara koɗewa. Ka jiƙa hannunka ka kwantar da shi a tafinka ka duba abu uku: yana da ɓawo ko santsi ne jikinsa, yana da gashin baki ko babu, sannan fiffiken bayansa guda nawa ne kuma yaya tsawonsa. Waɗannan ba sa canzawa don ruwa ya gurɓace.

To idan santsi ne kuma da gashin baki, tarwaɗa ce kenan ko?

Ba lallai ba, nan ne ma mutane suka fi yin kuskure. Tarwaɗa gashin bakinta 8 ne, kanta a baje, fiffiken bayanta dogo ne guda ɗaya tun daga bayan kai har kusan wutsiya. Kurungu kuwa gashin bakinsa 6, na ƙasan suna da 'yan rassa kamar saiwa, bakin yana ƙasa, kuma yana da ƙaya masu ƙarfi guda 3, ɗaya a baya biyu a gefe, in ka kama shi sai ya miƙe su ya kulle yana wani ƙugi ƙurr ƙurr a hannunka. Bayan ƙayar baya akwai wani ɗan fiffike na tsoka zalla mara ƙashi, wannan tarwaɗa ba ta da shi. Don Allah a kula da ƙayar nan, ƙaramin kurungu ma in ya soke ka zafin sai ya daɗe bai sake ka ba, ka riƙe shi ta bayan ƙayoyin gefe kar ka damƙe shi gaba ɗaya.

Sai minjirya. Ita jikinta kumburarre ne da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, idanu 'yan mitsi-mitsi, kuma babu fiffike mai ƙashi a bayanta sam sai na tsokar nan kusa da wutsiya. In ka ga haka kar ka taɓa da hannu, lantarki take saki, ƙaramar ma za ta girgiza ka.

Yaya zan gane ƙaramin kifi ne a halittarsa ko ɗan babban kifi ne bai girma ba?

Wannan tambayar ta fi duka muhimmanci a wurina. Akwai kifayen da duk rayuwarsu ba za su wuce santimita 10 ba, akwai kuma wanda ka riƙe a tafin hannu yau alhali uwarsa ta fi ka nauyi. Giwan ruwa misali yana iya wuce kilo 100, amma ɗansa in ka kamo za ka gan shi da zane-zane masu duhu a jiki, har wasu su ɗauka ƙarfasa ce. Duba bakin, babba ne, muƙamuƙin ƙasa ya ɗan zarce na sama, fiffiken baya da wawakeken tsagi a tsakiya kamar biyu ne aka haɗa, wutsiyar kuma a zagaye take. Galibi ɗan kifi idonsa da kansa sun yi wa jikinsa girma. In kuwa ka ga ɗan mitsitsi cikinsa cike da ƙwai, to ya gama girma, haka Allah ya yi shi.

Ƙarfasa fa, me ya bambanta ta?

Akwai wani layi siriri da ke bin gefen kifi daga kai zuwa wutsiya, da shi yake jin motsin ruwa. Na ƙarfasa a yanke yake, yana tafiya ta sama sai ya tsaya, wani ya ci gaba daga ƙasa zuwa wutsiya. Ƙofar hancinta ɗaya ce a kowane gefe, yawancin kifaye biyu-biyu ne. 'Ya'yanta kuma sau da yawa suna da baƙin tabo a ƙarshen fiffiken baya, ni da na ga tabon nan na gama magana.

Waɗannan farare masu ƙyalli kamar azurfa duk kama suke min, akwai dabara?

Buɗe bakin a hankali ka leƙa. Tsage haƙoransa a waje suke, dogaye masu tsini, tun yana ƙarami ana ganinsu, ga layuka baƙaƙe a kwance a jikinsa. Kawara haƙoranta gajeru ne ba sa fitowa waje, amma ita ma tana da ɗan fiffiken tsokar nan na kusa da wutsiya kamar tsage. Wanda ka ga babu haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi kuma babu fiffiken tsoka, wani dangi ne daban, su haƙoransu a maƙogwaro suke.

Na duba duk wannan ban gane ba, sai me?

Ɗauki hoto da waya, amma ta gefe sosai ba ta sama ba, ka buɗe fiffiken baya da yatsa, ka ajiye rula a gefensa don a ga tsawo, ka ƙara wani hoton na baki kusa-kusa, ka rubuta a tafki ne ko ruwa mai gudu. Tsofaffin masunta na wannan ruwan kallo ɗaya za su yi su faɗa maka, sai dai suna ɗaya kan iya haɗa kifaye iri-iri, kurungu kaɗai nau'insa ya wuce 100.

Zan iya kai shi wani ruwan in sake?

A'a, don Allah kar ka yi. Giwan ruwa da aka zuba a Tafkin Victoria da ke gabashin Afirka a shekarun 1950 ya cinye ƙananan kifaye na asalin wurin har nau'o'i masu yawa suka ɓace. In za ka sake shi, cire ƙugiyar a hankali da jiƙaƙƙen hannu ka mayar da shi ruwan da ka ciro shi.