Alamomin haɗari na ɗakin gwaje-gwajen kimiyya

Alamomin haɗari zane-zane ne da ake mannawa a jikin kwalba, jarka, ƙofa ko na'ura a ɗakin gwaje-gwaje, wato lab, dan mutum ya san irin cutarwar da ke ciki tun kafin ya kai hannu. A Legas ana ganinsu a lab ɗin makarantu, da asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, da cibiyar binciken lafiya ta Yaba, amma kuma suna fitowa waje a jikin duro da jarkokin kemikal, har su faɗo hannun masu shara da 'yan jari bola da ba wanda ya taɓa yi musu bayani.

Tarihi

Mafi tsufa a ciki ita ce ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, alamar guba. Jihar New York ta Amurka ta yi dokar rubuta gargaɗi a jikin mazubin guba a 1829, shi kuma zanen ana jin wajen 1850 ya fara yaɗuwa a kwalabe. An yi ta saɓani a kan ko yana tsorata yara ko jan hankalinsu yake yi, har aka ƙirƙiro wata koriyar fuska a birnin Pittsburgh na Amurka a 1971 dan ta maye gurbinsa, sai dai ba ta ture shi ba.

Alamar radiyeshin, wato haskakawar nukiliya da ido ba ya gani amma tana cutar da jiki, mai fukafukai uku kamar fanka, an zana ta ne a 1946 a lab ɗin jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Da farko shunayya ce a kan shuɗi, daga baya aka maye shuɗin da rawaya saboda an fi hango shi daga nesa. Matsalarta dai ba ta faɗin komai ga wanda ba a koya wa ba. A 1987 a garin Goiania na Burazil wasu masu neman ƙarafa suka kwance wata na'urar maganin cutar kansa mai aiki da radiyeshin daga wani asibiti da aka bari, suka sayar wa mai sayen jari, mutane suka ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi-shuɗi suka dinga taɓawa suna nuna wa iyali, mutum 4 suka rasu. A 2007 hukumar nukiliya ta duniya IAEA da ƙungiyar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya ISO suka fitar da ƙarin alama, jan alwatika mai ɗauke da fukafukan nan da ƙoƙon kai da mutum yana gudu, ana saka ta a can cikin na'ura inda mai kwancewa zai ci karo da ita. Duk mai harkar ƙarfe, ko a kasuwar Owode Onirin ko a Agege da ke Legas, gaskiya ya kamata ya san waɗannan biyun.

Ta ƙwayoyin cuta kuwa, mai da'irori uku a sarƙe, kamfanin Dow Chemical ne ya samar da ita a 1966, injiniya Charles Baldwin na cikin masu aikin. Da gangan suka nemi zanen da bai yi kama da komai ba amma yana zama a ƙwaƙwalwa. Ita ce a jikin kwalin zuba allurai da ledar sharar asibiti.

Tsarin GHS

Da can kowace ƙasa da nata zanen. Taron muhalli na duniya da aka yi a Rio ta Burazil a 1992 ya nemi a haɗe su, Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa tsarin GHS, wato tsarin bai-ɗaya na alamomin kemikal, a 2003. Alamomi 9 ne, baƙin zane a kan fari cikin jan murabba'i da ke tsaye a kan kusurwarsa. Harshen wuta na nufin abu mai saurin kamawa, amma in ka ga wutar a kan da'ira to wannan mai ƙara wa wuta ƙarfi ne, ba a ajiye su waje ɗaya. Ruwa yana ɗiga a kan hannu da ƙarfe na nufin yana cin fata, irin asid. Ƙirjin mutum da tauraro a tsakiya shi ne cutar da ba ta nunawa nan take, kamar ciwon kansa ko lalacewar huhu da hanta, jarkar da ke da wannan ba ta dace da ruwan sha ba ko an wanke ta sau nawa. Sauran su ne bam, silindar gas, ƙoƙon kai, alamar motsin rai, da mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya.

Launukan bango

A alamomin da ake mannawa a bango, rawayan alwatika gargaɗi, shuɗiyar da'ira umarni kamar saka tabarau ko safar hannu, jar da'ira mai layi hani, kore kuma hanyar fita ko wurin wanke ido.

A Najeriya

NAFDAC ce ke kula da shigowa da sayar da kemikal, kayan radiyeshin kuma suna ƙarƙashin hukumar NNRA da ta fara aiki a 2001. A kasuwa, irin ta kemikal da ke Ojota, akan sayar da kaya a juye cikin ƙaramin mazubi, takardar alamar ta zauna a jikin babban duron.