Lasifikar Kanta: Yadda Ake Kwatanta Ta da Daidaita Sautinta a Ɗaki

Lasifikar kanta, wato wadda za a iya ɗorawa a kan kantar littattafai, ƙaramar lasifika ce ta sauraron kiɗa a gida, wadda tsayin akwatinta ba ya cika wuce santimita 45. Biyu-biyu ake sayar da ita, ta dama da ta hagu. Galibi baki biyu gare ta: wufa mai faɗin inci 4 zuwa 6.5, mai fitar da bes (sauti mai zurfi na ƙasa) da kaurin murya, da tuwita mai faɗin kusan inci ɗaya, mai fitar da siririn sauti. A cikin akwatin akwai 'yar da'irar lantarki da ake kira kurosoba, ita ke raba musu aiki, yawanci a tsakanin Hz 1,800 da 3,000. Hz na nufin sau nawa iska ke kaɗawa a cikin sakan guda, kuma kunnen matashi mai lafiya na jin daga Hz 20 zuwa 20,000. Duk lokacin da adadin ya ninka, an hau oktaf ɗaya ke nan.

Abin da mai sauraro ke ji haɗin gwiwa ne na lasifika da ɗaki. Daga wajen Hz 300 zuwa sama lasifikar ce ke da rinjaye, ƙasa da haka kuwa ɗakin ne mai iko. A kan wannan rabon aikin kwatantawa da na daidaitawa duka suke tafiya.

Asali

Kafin shekarun 1950, sai babban akwati ne ke iya ba da bes mai zurfi. A 1954 Edgar Villchur da Henry Kloss suka kafa kamfanin Acoustic Research a Cambridge ta jihar Massachusetts a Amurka, suka fitar da AR-1, rufaffen akwati wanda iskar da ke kulle a cikinsa ce ke riƙe motsin wufar. Girma ya ragu sosai, amma sai ta zama mai cin wuta. Wannan cinikin har yau bai canza ba: ƙanƙanta, zurfin bes, da ƙara mai yawa da wuta kaɗan, biyu kawai ake iya samu a cikin ukun. A tsakiyar shekarun 1970 BBC ta ƙera LS3/5A don motocinta na ɗaukar shirye-shirye a waje, ta kuma ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor izinin ƙera ta. Yamaha ta fitar da NS-10 a 1978 don gidaje, sai ta ƙare a situdiyoyin haɗa kiɗa. Yawancin na yau suna da bututun iska a gaba ko a baya, tsarin da lissafin Neville Thiele na 1961 da na Richard Small daga baya suka sauƙaƙa zana shi.

Abin da ke rubuce a kwali

Lambobi uku ne ke da amfani. Na farko shi ne ƙarar da lasifika ke bayarwa a nisan mita ɗaya idan aka ba ta bolt 2.83, a lasifikun kanta takan faɗa tsakanin dB 83 da 89 (dB ma'aunin ƙarar sauti ne). Ratar dB 3 na nufin ninkin wuta, wato mai 85 na buƙatar wat 40 kafin ta kamo abin da mai 88 ke yi da wat 20. Akwai tarko a nan: bolt 2.83 wat ɗaya ne a lasifika mai om 8 (om ma'aunin turjiyarta ga wutar lantarki ne), amma wat biyu ne a mai om 4, don haka ta biyun takan fito a takarda kamar ta fi ƙarfi alhali ninkin wuta take sha. Na biyu shi ne om ɗin kansa, musamman mafi ƙanƙantarsa. KEF LS50 ta 2012 an rubuta mata om 8, amma tana sauka har 3.2, kuma wannan saukar ce ke sa ƙaramar amfilifaya, na'urar da ke ba lasifika wuta, ta yi zafi. Na uku shi ne iyakar sautin da take kaiwa, wanda ba shi da ma'ana sai an haɗa shi da alamar ±3 dB, wato ƙarar ba ta hawa ko sauka fiye da dB 3 a cikin wannan iyaka. Dubban wat ɗin PMPO (adadin ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido) da ake bugawa da manyan haruffa a kwalayen kasuwa kuwa, ado ne kawai.

Kwatantawa da kunne

Babban abin da ke ɓata gwaji shi ne bambancin ƙara. Harvey Fletcher da Wilden Munson sun nuna tun 1933 cewa kunne ba ya jin bes da siririn sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa. Saboda haka lasifikar da ta ɗara 'yar'uwarta da dB ɗaya kacal za a ji ta fi cika da tsabta, ko da ba ta fi ta da komai ba. A shago, inda ake sauya waya ba a taɓa maɓallin ƙara ba, mai ƙarfin ce ke cin nasara kusan kullum. Maganinsa a kunna sautin gwaji mai shuuu wanda aka taƙaita tsakanin Hz 500 da 2,000, a auna a mazaunin mai sauraro, a daidaita su har ratar ta gaza rabin dB, a sa alama a kan maɓallin.

Ido ma yana ruɗi. Floyd Toole, wanda ya fara wannan bincike a cibiyar binciken ƙasa ta Kanada a Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman a 1991, shi da Sean Olive sun wallafa wani gwaji a 1994 inda mutane suka ba lasifiku maki suna kallonsu, sannan suka sake bayarwa a bayan labule. Makin ya sauya, manya masu tsada suka rasa wani ɓangare na fifikonsu, kuma ƙwararrun masu sauraro ma ba su tsira ba. A gida, siririn labule mai barin sauti ya wuce da wani mutum mai yin sauyin sun isa.

Sai wuri. Idan an jera lasifiku biyu gefe da gefe, kowace da nata nisan daga bango, to ɗakin ake kwatantawa. Harman ta ƙera injin da ke ɗauke lasifika ya sa wata a gurbinta cikin 'yan sakanni saboda wannan. Wanda ba shi da inji sai ya manna salatif a ƙasa ya riƙa musanyawa da hannu, da sauri, domin kunne ba ya daɗe riƙe da launin sauti. Sauraron lasifika ɗaya tal a tsakiya ya fi tona aibi a kan sauraron biyu, domin faɗin sitiriyo na ɓoye abubuwa da yawa. Gajerun yanka na sakan 20 zuwa 30 ake maimaitawa: muryar mai magana, wadda kowa ya san yadda ya kamata ta kasance, kiɗa mai kayan bugu da yawa, da wani mai bes mai tafiya hawa da sauka, inda za a ji ko wani sauti guda na kumbura fiye da sauran.

Kwatantawa da awo

Ma'aunin da ake kira CTA-2034 ya tanadi awo 70 a ɗakin da ba ya amsa-kuwwa, ana juya lasifika digiri 10-10 a kwance da kuma a tsaye. Ana zana sakamakon da layuka masu nuna ƙarar kowane sauti daga bes zuwa sama, kuma abu biyu ake dubawa. Layin sautin da ke fitowa ta gaba ya kasance a miƙe, ba tudu ba kwari. Layukan gefe kuma su bi sahunsa suna sauka a hankali, domin wannan sautin na gefe shi ne ke bugun bango ya dawo kunne. Tudun da ya bayyana a dukkan layukan a wuri guda alama ce ta wani abu na rawa a akwati ko a wufa, kuma ikwalaiza, mai rage ko ƙara ƙarar wani ɓangare na sauti, na iya rage shi. Kwarin da ke layukan gefe kaɗai, galibi a daidai kurosoba inda babbar wufa ta fara tsuke sautinta tuwita kuma ta baza nata, aibin ƙira ne, ikwalaiza ba ta da abin yi a kai. Wannan shi ya kamata a guje wa tun wajen saye.

Ɗaki da wurin ajiya

Tsakanin kowane bango biyu masu fuskantar juna akwai sautin da ke tsayawa yana taruwa. Ana gano shi da raba saurin sauti, mita 343 a sakan, da ninkin tsawon ɗakin. Ɗakin ƙafa 12 da 12 da aka saba ginawa, wato mita 3.66, yana tara Hz 47 da 94 da 141, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, tarin ninki biyu ne. Silin mai tsayin mita 3 ya ƙara nasa a Hz 57 da 114. Bangon bulo da siminti da daɓen tayil kusan ba sa shan bes, shi ya sa tudun dB 10 ba abin mamaki ba ne a irin wannan ɗaki. A jikin bango waɗannan sautuka sun fi kumbura, a tsakiyar ɗaki kuma na farkon yakan ɓace. Kujera dai kada ta manne da bangon baya, kada kuma ta zauna a tsakiya cif.

Bangon da ke bayan lasifika na da tasa matsalar. Sautin da ya buge shi ya dawo yana kashe wanda ke fita a kaɗawar da ta yi daidai da 343 a raba da nisan sau huɗu, ana aunawa daga fuskar lasifikar. Nisan santimita 86 na haƙa rami a Hz 100, na santimita 60 a Hz 143. Matsar da ita kusa da bango na tura ramin sama inda ya fi sauƙin sha'ani, amma bes na ƙaruwa, a lungu ma fiye. Mai bututu a baya a bar mata aƙalla santimita 10. Wasu kamfanoni na haɗowa da soso na toshe bututun don irin wannan hali.

Tuwita ta zo daidai tsayin kunne, abin da ya sa ƙafafun ɗora lasifika ke da santimita 60 zuwa 70. Lasifiku biyun da kan mai sauraro su yi alwatika mai gefe daidai. Idan dole sai an ɗora ta a kan kanta, a jawo ta har fuskarta ta zo bakin katakon, a cika gefenta da littattafai. Jar waya ta shiga jan gurbi a duka biyun. In aka juya ɗaya, bes ya zube, murya ta rasa tsakiya. Kafet mai kauri da labule na gyara sama da tsakiya, amma ba sa taɓa Hz 94.

Daidaitawa da ikwalaiza

Sai an gama da wurin ajiya ake zuwa nan. Kayan aikin su ne makirufon awo mai fayil ɗin gyaransa, irin UMIK-1 na miniDSP, da manhajar REW ta John Mulcahy wadda kyauta ce, da kuma inda za a zuba matatu, wato saitunan da ke rage ko ƙara ƙarar wani yanki na sauti: Equalizer APO a kwamfuta mai Windows, ko akwatin DSP mai sarrafa sauti tsakanin na'urar kiɗa da amfilifaya. Manhajojin Audyssey da Dirac Live suna yin aikin da kansu a wasu amfilifayoyin.

A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, in janareta na ruri a kusa a jira. A kafa makirufo a tsayin kunne a kan sanda, ba a hannu ba. A auna kowace lasifika ita kaɗai a ƙarar kusan dB 75, a wurare biyar zuwa tara cikin tazarar santimita 30 zuwa 50 kewaye da inda kai ke zama, sannan a ɗauki matsakaicinsu. Awo a wuri ɗaya na nuna ramukan da ke gushewa da an ɗan karkata kai, kuma gyara su ɓarna ce.

Layin da ake nufa ba miƙaƙƙe ba ne. Lasifikar da ke miƙe a ɗakin gwaji, in ta shiga ɗakin zama layinta na gangarowa da kusan dB ɗaya a kowane oktaf daga bes zuwa sama. Wanda ya tilasta masa miƙewa zai samu sauti siriri mai tsikarar kunne.

Kowace matata na da lambobi uku: tsakiyarta, yawan dB, da Q, wato tsininta. Ana samun Q da raba tsakiyar da faɗin tudun. Tudun dB 9 a Hz 94 wanda faɗinsa ya kama daga 86 zuwa 102 na son Q kusan 6, a rage dB 6 ko 7, a sake aunawa. A nan tsohuwar ikwalaiza mai sanduna goma ke gazawa: tana da sanda a 62 da wata a 125, kowace da faɗin oktaf guda, Hz 94 kuma ya faɗa tsakani, sai a janye bes mai kyau tudun na nan daram. Matatu uku zuwa shida a ƙasa da Hz 300 sukan wadatar.

Tudu ake yankewa, rami ba a cika shi. Ramin da sauti biyu suka kashe juna suka haƙa, ƙara masa wuta zuba ruwa ne a kwando, domin wanda ke fita da wanda ke dawowa tare suke ƙaruwa. Ɗagin dB 6 kuma wuta ninki huɗu yake ci. In za a ɗaga, kada ya wuce dB 3, ya zama mai faɗi, sannan a rage ƙarar shiga gaba ɗaya da daidai wannan adadin don kada sautin ya fashe. Haɗari mafi girma na ƙasa da inda aka saita bututun iska, galibi Hz 45 zuwa 60: a can wufa ba ta da abin riƙo, tana lilo ba sauti, kuma ɗaga bes a wurin na iya yaga ta. Matatar da ke datse abin da ke ƙasa da Hz 40 na kare ta.

Sama da Hz 500 ba a bin ƙananan tudun da makirufo ya nuna a ɗaki, domin kunne na rarrabe sautin da ya zo kai tsaye da wanda ya dawo daga bango, makirufo kuwa haɗe su yake yi. Gyara a nan sai dai bisa awon ɗakin da ba ya amsa-kuwwa, ko kuma ɗan sassauci mai faɗi na dB ɗaya ko biyu gwargwadon son mai sauraro.

Bayan an gama, a kwatanta da matatu da kuma babu su a ƙara ɗaya, domin yanke tudu na rage ƙara. A ranar farko bes ɗin yakan zama kamar ya rame, saboda kunne ya saba da kumburin. A ba shi 'yan kwanaki, in har yanzu bai isa ba a ɗaga duk abin da ke ƙasa da Hz 100 da dB 2. Wanda ke son zurfin da ƙaramin akwati ba zai iya ba sai ya ƙara sabwufa, wato lasifikar da ke fitar da bes zalla, a raba aiki a Hz 80, a sake awon daga farko, kamar yadda ake sakewa duk lokacin da aka matsar da kujera ko lasifika.