Waiwaye: yadda Gwinnett ta cika da mutane amma Kirista mai neman aure yake rasa abokin zama

Duk wanda yake da ɗan'uwa ko 'yar'uwa a wajen Atlanta ya san wannan kukan, wai mutane ga su nan kamar ƙasa, coci ko'ina, amma mijin aure ko matar aure sai an tona. Ni dai abin yana damuna sosai, shi ya sa na ce bari mu koma baya mu ga yadda gundumar Gwinnett da ke gefen birnin Atlanta a jihar Jojiya ta Amurka ta zama haka, don can ne 'yan Afirka da yawa suka yada zango.

An kafa gundumar a 1818, aka sa mata sunan Button Gwinnett, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin Amurka. Shekara sama da ɗari ƙauye ce kawai, gonaki da ƙananan garuruwa irin su Lawrenceville, hedikwatarta. A lokacin neman aure ba wani aiki ba ne, cocin Baptist ko Methodist ɗin da kakanka yake zuwa nan za ka ga yarinyar, iyaye sun san juna tun tale-tale. Ko a 1970 mutanen gundumar duka 72,349 ne.

Daga nan abu ya ɓalle. Babban titin I-85 ya ratsa ta, turawa masu iyali suka riƙa baro cikin Atlanta suna neman gida mai fili da makaranta mai kyau, a 1980 an kai 166,903, a 1990 an haura dubu 350, a 2000 an kusa dubu 590. To nan ne tushen matsalar a ganina. Waɗanda suka gina wajen nan ba gwauraye ba ne, ma'aurata ne da 'ya'yansu, don haka komai nasu aka yi shi, unguwanni na gidaje zalla, gareji, filin ƙwallon yara, har yau ma tsarin makarantun gwamnati na Gwinnett shi ne mafi girma a duk Jojiya. A yawancin unguwannin babu dandali, babu kasuwar da za ka taka da ƙafa ka haɗu da mutane, ka fita daga gida cikin mota ka dawo cikin mota. Kuma sau da sau an kai maganar haɗa su da jirgin ƙasan MARTA na Atlanta gaban masu zaɓe, 1971 suka ƙi, 1990 suka ƙi, 2019 ma suka ƙi. Saurayi ko budurwa da ba ta da mota ta zama 'yar kulle kenan ba tare da kowa ya kulle ta ba.

Sai kuma baƙi suka zo. A 1990 kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanen gundumar fararen fata ne, amma bayan gasar Olamfik ta 1996 da aka yi a Atlanta da ayyukan gine-gine da suka biyo, 'yan Meziko da sauran ƙasashen Latin suka cika garin Norcross, 'yan Koriya suka kama garuruwan Duluth da Suwanee, ga Indiyawa, ga baƙaƙen Amurka, ga namu 'yan Najeriya da Ghana da Habasha. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 957,062, fararen fata wajen kashi ɗaya cikin uku kacal, baƙaƙe sun ɗan haura kwata, masu jin Sifaniyanci kusan kwata, 'yan Asiya kashi 13.

Mutum zai ce to ai an samu yalwa, kusan miliyan guda fa. Amma ranar Lahadi kowa gidansu yake komawa. 'Yan Koriya suna sujada da Koriyanci, 'yan Meziko suna cocin Katolika ko na Fentikos da Sifaniyanci, 'yan Najeriya suna Redeemed da makamantansu, wani lokacin ma a shagon haya. Martin Luther King ya taɓa cewa ƙarfe 11 na safiyar Lahadi ita ce sa'ar da Amurka ta fi rabuwa, kuma a nan sai dai a ce rabuwar ta ƙara rassa. Idan yarinya ta ce sai mai bi na gaske, iyayenta kuma suka ce sai ɗan gida, ka cire masu aure, ka cire yara, ka cire waɗanda shekaru ba su dace ba, miliyan ɗin nan sai ya dawo mutum ƙalilan da ta riga ta san su duka tun daga Sande Sukul.

Manyan coci irin su 12Stone ta Lawrenceville da aka fara a 1987 suna da dubban mutane, amma kana iya shekara kana zuwa ba ka san sunan wanda ke zama kusa da kai ba idan ba ka shiga ƙaramar ƙungiya ba. Kuma mata sun fi maza zuwa coci, binciken da cibiyar bincike ta Pew ta yi a 2014 ya nuna a majami'un baƙaƙen Amurka mata kashi 59 ne maza 41. 'Yan'uwanmu mata su suka fi ɗanɗana wannan, kuma abin takaici su ake ɗora wa laifi, a ce sun cika zaɓe ko karatu ya yi musu yawa.

Shekarun aure ma sun ja. A 1970 namiji a Amurka yana auren fari ne wajen shekara 23, mace wajen 21, yanzu ana maganar 30 da 28. Wato an samu ƙarin wajen shekara bakwai da matashi zai yi shi kaɗai a wajen da ba a tsara shi don mai zaman kaɗaici ba, wasu takwarorinsa kuma sun tattara sun koma cikin Atlanta. Wannan giɓin ne shafukan neman aure na intanet suka shigo ciki, eHarmony a 2000, Christian Mingle a 2001. Sai dai ƙidayar Amurka ba ta tambayar addini, don haka duk wanda ya ce maka ga adadin Kiristoci marasa aure a Gwinnett ƙiyasi yake yi.

Aikin da zumuntar mata da gwaggonni suke yi a gida, na cewa ga ɗan wane ya dace da 'yar wance, a can babu mai yin sa, kowa yana shif ɗinsa a wajen aiki. Fastoci da yawa har yanzu shirin ma'aurata da na yara suka fi ba wa ƙarfi, mai shekara 33 da ba ta yi aure ba ta girme wa ƙungiyar matasa, zumuntar matan aure kuma ba ta da kujera a ciki.