Waiwaye: Yadda Aka Samo Sikelin Auna Polima Mai Kashe Ƙwayoyin Cuta

Mai kemis a Agege ko Idi-Araba da ke Legas zai iya cin karo da haruffan PHMB a jikin kwalbar ruwan wanke gyambo. Sunan ɗaya ne, amma abin da ke ciki gauraye ne. PHMB polima ce, wato sarƙa ta sinadari, kamar carbi: ƙwaya iri guda aka jera, sai dai wani carbin gajere ne, wani dogo, kuma abin da aka ɗaure bakinsa da shi ya bambanta. Sarƙar na ɗauke da cajin lantarkin da ke manne wa fatar bakteriya ya huda ta, kuma tsawonta na shafar ƙarfin kisan.

To wa zai ƙirga carbin da ido bai gani?

A 1919 Francis Aston ya ƙera na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu a Kambirij ta Ingila. Shekara guda bayan haka Hermann Staudinger na Jamus ya ce polima dogayen sarƙoƙi ne, malamai da yawa suka ƙi yarda. Na'urar Aston kuwa ta daɗe ba ta amfani masu nazarin polima sosai ba, domin sai abu ya zama tururi ake auna shi, doguwar sarƙa kuma tsinkewa take idan ta ji zafi.

A shekarun 1980 aka warware. Michael Karas da Franz Hillenkamp suka fito da dabarar MALDI: a cakuɗa samfurin da sinadarin da ke shanye hasken lesa, a harba, sarƙoƙin su tashi lafiya lau, a auna lokacin da kowace ta ɗauka kafin ta isa ma'auni. Mai nauyi ita ke zuwa ƙarshe. John Fenn ya bi hanyar fesa ruwan samfurin da wutar lantarki, kuma shi da Koichi Tanaka na Japan sun samu kyautar Nobel a 2002. Daga nan aka iya ganin tsawon kowace sarƙa da abin da ke bakinta.

Abin ya dame ni ne saboda a 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. A garin da magani ke shigowa ta tashar Apapa ya bazu daga kasuwar Idumota zuwa Kano, ina son ɗalibanmu na kimiyya a Akoka, unguwar da Jami'ar Legas take, su ƙware a wannan awo, su riƙa gwada ko abin da ke cikin kwalba ya dace da rubutun jikinta.