Tsara bangon mujallar makaranta

Bangon mujallar makaranta shi ne shafin waje na gaba, wanda ke ɗauke da sunan mujallar da babban hoto da kanun labaran da ke ciki. A wajen ɗaliban koyon aikin jarida tsara shi darasi ne mai zaman kansa, ana bada maki a kai, musamman a kwalejojin kimiyya da fasaha inda NBTE, hukumar da ke kula da ilimin fasaha a ƙasa, ta fi matsawa kan aikin hannu. A Katsina da Daura da Dutsin-Ma akwai manyan makarantu da dama, irin su Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Al-Qalam da Hassan Usman Katsina Polytechnic da Federal Polytechnic Daura, ga kuma sakandare da Islamiyyu masu fitar da mujalla lokacin yaye ɗalibai ko walimar sauka, so aikin bai tsaya kan ƴan ajin jarida kawai ba, duk wanda aka san ya iya taɓa kwamfuta sai an nemo shi.

Abubuwan da ke kan bango

Na farko sunan mujalla, can sama, da manyan haruffa, kuma ƙa'ida ita ce ba a canja mashi kama daga fitowa zuwa fitowa. Mujallar Time ta Amurka tun 1927 take da jan layin nan da ya zagaye bangonta, National Geographic kuma ruwan ɗorawa, ko daga nesa ka hango ka san su. Mujallar makaranta kuwa matsalarta duk shekara sabbin ɗalibai ne ke karɓa, kowa na son ya nuna tashi basirar, sai ka ga suna ɗaya amma bana kore baɗi ja, ba wanda zai ce gida ɗaya suka fito. Ƙarƙashin sunan ana sa lambar fitowa da wata da shekara, sai tambarin makaranta a kusurwa. In mujallar ta yi rajista tana da lambar shaidar mujalla, wato ISSN, mai lamba 8, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Najeriya, ita ma nan take zama.

Sai babban hoto, sai babban kanu guda ɗaya wanda ya fi sauran girma kuma yake tafiya da hoton, sai ƙananan kanu uku ko huɗu a gefe. Shi kenan fa. Bangon baya yawanci na talla ne ko saƙon taya murna, daga nan ake samun wani abu na kuɗin bugu.

Rigimar hoto

Nan ne aikin yake da gardama. Abin da ake koyarwa a aji shi ne hoto ɗaya, labari ɗaya, ido ya san inda zai fara sauka. Abin da ake yi a zahiri kuma daban, domin mujallar makaranta ba a kasuwa take maida kuɗinta ba, ranar ƙaddamarwa take maidawa, lokacin da babban baƙo da uban taro da babban mai ƙaddamarwa za su sayi kwafi da tsada, to wa zai yarda a bar fuskarsu a shafi na 5? Sai ka ga bango ɗauke da gwamna da kwamishina da shugaban makaranta da shugaban sashe da wani ɗan majalisa, kowa cikin ɗan da'ira, an jera su kamar kalandar kamfen, ɗaliban da aka yi mujallar dominsu kuma babu ko ɗaya. Kuma jerin ma ba a yinshi da ka, wanda ya fi girman muƙami shi ke sama ko tsakiya, in akwai hoton mai martaba to ba a sa kowa bisa kanshi, kuskure a nan ya fi kuskuren rubutu tsada.

Masu wayo cikin ɗalibai sukan raba gardamar ta hanyar ware shafin cikin bango da shafi na farko ga manya, kowa da cikakken hotonshi da cikakken muƙaminshi, bangon waje kuma a bar ma labari. A ganina wannan ya fi, har su manyan ma sun fi fitowa da kyau a cikakken shafi fiye da a matse su a da'ira. Amma sai edita ya je ya zauna da malamin da ke kula da aikin tun kafin a fara, ba sai an gama dizayin ba.

In an samu wannan damar, abin ɗauka bai yi kaɗan ba. Akwai Hasumiyar Gobarau, akwai ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Ƙofar Guga, akwai tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 wanda yanzu gidan tarihi ne, can Daura ga rijiyar Kusugu, ga hawan sallah. Sai dai Gobarau ta sha hawa bango har ta gaji, kuma in labarin ciki kan matsalar ruwa a hostel ne ko ɗalibai mata masu sana'a da waya, hasumiya ba ta da abin cewa a kai. Fuskar ɗalibi guda yana kallon kyamara ta fi jan ido. A nemi izininshi tukuna, balle ɗaliba, balle matar aure, kar a ga hoto ya fita gari magana ta dawo makaranta. Hoton da aka kwaso daga intanet kuma yana da mai shi, dokar haƙƙin mallaka ta shafe shi.

Lokacin ɗauka ma abin lura ne. Ranar tsaka tana jefa inuwar hula kan ido, farar shadda kuma ta ƙone fes ba a ganin aikin wuya, shi yasa aka fi son hantsi ko bayan la'asar. Da hunturu hazo na wanke launi, hoto ya fito fari-fari. Kuma a ɗauka a tsaye, a bar fili sama da kan mutum inda sunan mujalla zai zauna.

Haruffa

Nau'in haruffa biyu sun isa, uku in an matsa. Wanda zai yi kanu da Hausa ya fara gwada ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kafin ya zaɓi salo, da yawa daga salon haruffa masu ƙyalƙyali ba su da su, sai kwamfuta ta sa ɗan akwati a wurin ko ta aro harafin daga wani salon ya fito bambarakwai a tsakiyar kalma. Rubutu fari kan farar riga ba ya karantuwa, ja kan kore ma haka. Mujallar Islamiyya da aka yi da Larabci ko ajami daga dama ake buɗe ta, to bangon gabanta yana ɓangaren da na boko ke sa na baya, an sha juya wannan a wajen bugu.

Daga kwamfuta zuwa maɗaba'a

Yawancin masu shagon bugu a nan CorelDRAW suke amfani da shi, sai Photoshop na gyaran hoto, InDesign kuma shi aka ƙera don jera shafuka amma bai kai su yawa ba. Ɗalibai da yawa yanzu a waya suke farawa da Canva ko PixelLab, ba laifi, sai dai a san girman takarda tun farko. A4 faɗinta milimita 210 ne tsawo 297, kuma hoton da zai cika ta a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, yana buƙatar kusan fiksel 2480 a 3508. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi, a waya tas, a takarda duk ya farfashe, don haka a ce ma mai turowa ya turo a matsayin dokumen.

Sai launi. Fuskar waya da kwamfuta da haske take aiki, ja da kore da shuɗi, wato RGB, injin bugu kuma tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Koren nan mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi da ake gani a sikirin tawada ba ta iya kai su, suna dusashewa, shi yasa ake maida fayil CMYK tun kan a nuna ma shugaban sashe, kar ya amince da launin da ba zai taɓa gani a hannu ba. Ƙananan rubutu baƙi a yi su da baƙar tawada zalla, in aka haɗa huɗun kuma farantin bugu, wanda ke ɗaukar tawadar kowane launi, ya ɗan goce sai rubutun ya yi inuwa.

Ana barin rarar milimita 3 a kowane gefe, hoto ya zarce iyakar shafi, saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kullum, in babu rarar sai siririn farin layi ya fito a baki. Rubutu kuma a ja shi ciki kamar milimita 5. Kafin a kai fayil a maida duk rubutu zane, a CorelDRAW Ctrl+Q ne, in ba haka ba kwamfutar mai bugu in ba ta da salon haruffanka za ta canja su da nata, sannan a fitar da PDF. Bangon gaba da na baya tare ake jera su a falle ɗaya, in mujallar boko ce na baya a hagu na gaba a dama, ana bugawa kan kati mai kauri kamar mai nauyin giram 250 zuwa 300 a murabba'in mita sannan a bi shi da leda mai sheƙi ko marar sheƙi. In ɗinkin tsakiya za a yi da wayar ƙarfe, yawan shafuka dole ya rabu da 4, wato 24 ko 28 ko 32. In kwafin kaɗan ne injin dijital ya fi sauƙi, in da yawa ne a yi faranti a hau babban injin ofset, wasu a nan cikin Katsina, wasu su kai Kano ko Zariya ko Kaduna. Ko ina aka kai, a nemi a fara fitar da kwafi ɗaya na gwaji, a ba wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta sunaye da muƙamai harafi bayan harafi kafin a ce ma mai injin ya ci gaba.