Lasisin Farauta da Su a Zariya

Lasisin farauta ko na su takarda ce da hukuma ke bai wa mutum domin ya kama naman daji ko kifi a wurin da aka yarda, da kayan aikin da doka ba ta hana ba. A Zariya da ƙananan hukumomin da ke kewaye da ita, irin su Sabon Gari da Giwa da Soba, izinin ba ya fitowa daga hannu ɗaya. Bindiga tana ƙarƙashin 'yan sanda, dabbar daji tana ƙarƙashin sashen gandun daji na jihar Kaduna, kifi kuma na sashen kamun kifi ne a ma'aikatar gona. Kafin waɗannan duka akwai izinin gargajiya na Sarkin Baka da Sarkin Ruwa, wanda ya girmi kowace takarda.

Asali

Tun kafin zuwan Turawa, farauta da su sana'o'i ne masu shugabanni a ƙasar Zazzau kamar sauran ƙasar Hausa. Sarkin Baka ne ke jagorantar maharba, shi ke raba gardama idan mutum biyu suka yi iƙirarin nama ɗaya. Sarkin Ruwa kuwa shi ke cewa yau a shiga wannan gurbi, wancan a bar shi sai rani ya yi nisa. Dokar rubuce ta zo ne da mulkin mallaka. An yi dokar kare dabbobin daji a 1916, sannan Jihar Arewa ta yi tata a 1963, wadda jihohin da aka yanka daga cikinta suka gada, har da Kaduna.

Farauta

Dokar 1963 ta kasa dabbobi gida-gida. Akwai waɗanda aka haramta taɓa su, akwai waɗanda sai da izini na musamman, akwai kuma waɗanda lasisi ke halatta harbinsu. A kan wannan gwamnatin tarayya ta ƙara dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, wadda aka gyara a 2016 aka ɗaga tararta daga naira 1,000 zuwa miliyoyi. Zaki da damisa na cikin waɗanda ta kare, kuma hanin bai tsaya ga kisa ba, ya haɗa da cinikin fata da sauran sassan jiki. Wannan ya shafi masu kasa kayan maganin gargajiya a kasuwa kamar yadda ya shafi maharbi.

A zahiri, ɗan farautar Zariya na yau ba ya gamuwa da irin waɗannan. Noma ya cinye dajin da ke kusa da gari, abin da ake dawowa da shi daga fita da karnuka a lokacin rani bai wuce zomo da gafiya da makwarwa da zabon daji ba, sai wanda ya yi sa'a ya samu gada. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun dajin ƙasa a 1999, babu lasisin da ke halatta farauta a cikinsa.

Abin da ya fi jawo rigima shi ne wuta. Cinna wa daji wuta don fitar da gafiya daga rami yakan ƙone karan da manomi ya tara, da dawar da ba a kai ga kwashewa ba, da ciyawar da makiyayi ke dogaro da ita har faɗuwar damina. Hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji a 2011. Gafiya ɗaya ba ta kai damin dawa ba, balle gona.

Bindiga

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Takardar bindiga ba izinin farauta ba ce, katin ƙungiyar maharba kuma ba takardar bindiga ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku: na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, irin mai baki biyu da ake sa wa harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuwa, wadda maƙera ke ƙerawa ake ɗura mata albarushi ta baki, lamarinta na hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekaru biyar da suka wuce.

Maganar takardu ta ƙara nauyi bayan watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta da ke komawa Kano, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Babu dokar da ta halatta wannan kisa, ko da takarda ko babu. Sai dai ya nuna irin hatsarin da maharbi ke shiga idan ya tsallaka jiha da makami.

Su

Ruwan da masuntan Zariya suka dogara da shi shi ne kogin Galma da madatsar da ke kansa, sai Kubanni da ta ratsa gari, da tafkin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda mallakar jami'ar ne kuma daga shi take shan ruwa. Tarwaɗa da karfasa da kurungu ne suka fi faɗawa a birgi da kalli da mamari.

Dokar tarayya ta kamun kifi a koguna da tafkuna, ta 1992, ta wajabta lasisi ga jirgin su mai inji, ta kuma ɗora wa jihohi bayar da shi. Yawancin masunta a nan da kwalekwale ko gora suke aiki, don haka abin da ya fi shafar su shi ne idon koma. Dokar ta ce kada ya gaza milimita 76, wato kamar inci uku, domin ƙananan kifi su zurare su girma su yi ƙwai. Wanda ya mai da gidan sauro koma, kifin baɗi yake kwashewa a bana.

Dokar ta kuma haramta nakiya da wutar lantarki da guba. Kakanni sun san magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a gurbi kifi ya bugu ya taso. Daga baya aka koma maganin ƙwari na gona irin su Gamalin 20, wanda ba ya zaɓe: babba da ƙarami, kwaɗo da ƙwai, duk yana gamawa da su. A Galma abin ya fi muni, domin daga nan ake tace ruwan famfon gari, daga nan masu noman rani ke ban-ruwan tumatir da albasa, nan kuma shanu ke sha. A wannan wuri Sarkin Ruwa ya fi ma'aikacin gwamnati gani, tun da ya san kowane masunci da sunan ubansa, ya san wanda ya fita da dare.

Hukuncin addini

Ɗaliban makarantun zaure na birnin Zariya suna karanta babin farauta a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal ce. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi in an ambaci sunan Allah, aya ta 96 kuma ta halatta abin da aka kama a ruwa. A mazhabar Malikiyya, dabbar da aka riske ta da sauran rai sai an yanka ta kafin a ci.