Cefanar da makarantun gwamnati a Abuja

Cefanar da makarantun gwamnati shi ne miƙa mallaka ko tafiyar da makarantar da hukuma ta gina ga wani ɓangare mai zaman kansa, wato kamfani, ƙungiyar addini, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. An aro kalmar ne daga batun sayar da kamfanonin gwamnati, ko da yake a harkar ilimi ba kasafai ake sayarwa dungurungum ba. Gwamnatoci sun fi son su ce haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, ƙungiyoyin malamai kuwa sayarwa suke kiran sa ko da wane suna aka laƙaba masa. A Abuja, inda makarantun unguwannin gefen gari suka cika maƙil, gardamar ta fi karkata ga tambayoyi biyu: wa zai biya albashin malami, kuma wa zai riƙe filin makarantar.

Nau'o'i

Akwai mayar da makaranta ga masu ita na asali, kamar coci ko ƙungiyar Musulunci da gwamnati ta karɓe wa a baya. Akwai jingina, inda ɗan kasuwa zai karɓi gini da fili na wasu shekaru, ya gyara, ya sa kuɗin makaranta. Akwai kwangilar gudanarwa: makarantar na nan a hannun gwamnati, karatu kyauta, amma kamfani ne ke tsara darasi da sa ido kan malamai, ana biyan sa bisa yawan yara. Na huɗun ba a sa hannu a kan wata takarda. Iyaye ne ke kwashe 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya zuwa makarantun kuɗi masu rahusa, har makarantar gwamnati ta zama ta wanda ba shi da yadda zai yi.

Tarihi

Kafin 1970 mafi yawan makarantun boko a kudanci da tsakiyar Najeriya na mishan ne, gwamnati na ba su tallafi. A Arewa mai nisa hukumomin En'e ne suka riƙe mafi yawan makarantun elemantare. Bayan yaƙin basasa, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya ƙarƙashin Ukpabi Asika ta karɓe makarantun mishan da na masu zaman kansu da dokar 1970, wasu jihohi suka bi sahu cikin shekarun da suka biyo baya. Malamai da dama sun yi maraba da matakin, domin ya mayar da su ma'aikatan gwamnati masu tsayayyen albashi da fansho, kuma babu wani mai makaranta da zai sallame su da baki kawai. A nan ne tushen ƙin da ƙungiyoyinsu ke yi wa duk wata maganar mayarwa.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE, a shekarar da aka yi dokar kafa Babban Birnin Tarayya. Yara sun yi tururuwa fiye da ƙiyasi, aka ɗauki malamai cikin gaggawa, da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980 sai albashi ya fara maƙalewa. An kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa a 1988 don a riƙa fitar da albashi daga tsakiya, aka rusa ta a 1991 aka mayar da nauyin kan ƙananan hukumomi, aka sake kafa ta a 1993 bayan malamai sun yi watanni ba a biya su ba. Tsofaffin malamai har yau suna kafa hujja da wannan tsakanin idan aka tayar da zancen wa ya kamata ya riƙe albashinsu.

Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ya zo a 1999, dokarsa kuma a 2004. Ta wajabta karatun shekara tara kyauta, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun tara kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar da ke kula da shirin. Jiha ko Abuja ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Wannan doka ce babbar katanga ga jingina, domin sa kuɗin makaranta a firamaren gwamnati ya saɓa mata.

Guguwar mayarwa ta faro ne daga kudu. Legas ta mayar da makarantu 48 ga masu su a 2001, zamanin Bola Tinubu. Anambra ta miƙa firamare 1,040 ga coci-coci a 2011 ƙarƙashin Peter Obi, amma gwamnati ta ci gaba da biyan malamai, abin da ya rage kaifin adawa. A Oyo lamarin ya ƙazanta: a watan Yunin 2016 'yan ƙwadago suka tarwatsa taron da gwamnatin Abiola Ajimobi ta kira kan shigar da masu zaman kansu cikin tafiyar da sakandare 31, aka kama shugabanninsu, ɗalibai suka fita zanga-zanga a Ibadan, aka rufe makarantu na makonni. Gwamnati ta dage cewa ba sayarwa ta nufa ba, daga ƙarshe ta koma ga kafa wa kowace makaranta hukumar gudanarwa.

Abuja ba ta da gadon makarantun mishan mai yawa irin na Jos ko Legas, saboda haka batun mayarwa bai taɓa yin ƙarfi a cikinta ba. Yaƙin da aka gwabza a birnin na kwalejojin gwamnatin tarayya ne.

Rikicin kwalejojin tarayya

A 2006 ministar ilimi Obiageli Ezekwesili ta gabatar da shirin shigar da 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai cikin tafiyar da kwalejojin haɗin kan ƙasa, waɗanda yawansu ya haura 100 a lokacin. Daga cikinsu akwai na Kwali da Rubochi, da na 'yan mata a Bwari da Abaji, da ta kimiyya da fasaha a Orozo, duk a cikin Babban Birnin. Hujjar ma'aikatar ita ce waɗannan makarantu ƙalilan na cinye kaso mai tsoka na kuɗinta da ma'aikatanta, sakamakon jarrabawarsu kuma yana ja da baya.

Malaman waɗannan kwalejoji ma'aikatan tarayya ne, kuma ƙungiyar manyan ma'aikatan gwamnati ta ASCSN ce ke wakiltarsu. Ita da ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT, da ƙungiyar ƙwadago ta NLC, da ƙungiyar iyaye suka haɗa baki, suna cewa filayen makarantun ake hari, kuma da zarar an sa kuɗi ɗan talaka ya yi ban kwana da su. An yi yajin aiki da zanga-zanga. Ministar ta bar kujerar a 2007, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta jingine shirin. Zancen kan sake tasowa jefi-jefi, ƙungiyoyin kuma kan mayar da martani da kusan kalmomin da suka yi amfani da su a wancan karo.

Yadda makarantun Abuja suke rabe

Firamaren gwamnati, waɗanda ake kira makarantun LEA, albashin malamansu na wuyan majalisun yanki shida: AMAC (ta ƙwaryar birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Ƙananan sakandare na ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta birnin, UBEB, manyan kuma ƙarƙashin hukumar ilimin sakandare, dukkansu a hannun ministan Abuja. Saboda haka malamai biyu na iya koyarwa a harabar da katanga ɗaya ta kewaye, ɗaya ya ji shigar albashi a ƙarshen wata, ɗaya yana jiran ciyaman.

Matsin ya fi yawa a Nyanya, Karu, Kubwa, Mpape, Gwagwa, Dei-Dei da Lugbe, inda jama'a suka ninka tun bayan ƙaurar gwamnatin tarayya daga Legas a Disamban 1991, azuzuwa ba su ninka ba. Bencin yara uku sai biyar su matsu a kai, saura a ƙasa, littafi a kan gwiwa. Hedimasta kan cike giɓin malamai da waɗanda ake kira malaman PTA (ƙungiyar iyaye da malamai), ana biyan su ɗan abin da iyaye suka tara, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba katin ƙungiya. Wannan ma wani yanki ne na aikin gwamnati da ya koma aljihun iyaye ba tare da sanarwa ba.

Rawar ƙungiyoyi

An kafa NUT a watan Yulin 1931, shugabanta na farko Rabaran I. O. Ransome-Kuti. Ƙarfinta na fitowa daga kuɗin ƙungiya da ake cirewa kai tsaye daga albashi, da kuma kasancewarta cikin NLC, wadda kan iya mayar da rikicin malamai ya zama na duk ma'aikata. Wasu malaman sakandare sun ɓalle sun kafa ASUSS, an kuma daɗe ana shari'a kan halaccinta.

Abin da ƙungiyoyin ke tsoro a fili yake. Malamin gwamnati yana da matakin albashi, ƙarin girma, fansho, kuma bisa dokar 2022 zai iya aiki har shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Idan makaranta ta koma hannun ɗan kasuwa duk waɗannan sai sun koma teburin ciniki, ga shi makarantun kuɗi ba su cika barin malamansu su shiga ƙungiya ba. Masu sukar NUT na cewa tana kare malamin da bai iya aiki ba, suna buga misali da Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu ta sallame su, ƙungiyar ta tafi yajin aiki a Janairun 2018. NUT ta ce hukumar rajistar malamai ta TRCN ce kaɗai ke da hurumin gwada malami. Ba a daidaita kan wannan ba.

Yajin aiki kansa takobi ne mai kaifi biyu. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Yulin 2025 malaman firamaren Abuja sun ajiye alli saboda majalisun yanki ba su aiwatar da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba, ga tarin bashin alawus. An janye ne bayan minista Nyesom Wike ya shiga tsakani, aka amince a taɓa kuɗin shigar majalisun don rage bashin. Zango guda ya kusa salwanta, iyayen da ke da ɗan hali suka kai 'ya'yansu makarantar kuɗi ta bayan layi, kuma wanda ya riga ya ɗinka sabon yunifom ya biya kuɗin zango da wuya ya dawo. Ƙungiyar da ta toshe cefanarwa a kan takarda takan ga yajinta ya buɗe mata ƙofar baya.

Inda kwangila ke lalacewa

Wurare biyar ne ake yawan tuntuɓe. Na farko matsayin malaman da aka tarar: aron su aka ba kamfani, ko an sauya musu ubangida? In ba a rubuta ba, fansho da ariyas kan zama ba mai su. Na biyu ƙayyade yawan yara a aji. Kamfani ya ce 45, alhali ajin na da 90, sauran sai su watsu zuwa makarantar maƙwabta ko talla. Na uku kuɗaɗen ɓoye, na yunifom da littattafai da jarrabawa, waɗanda kan mayar da kyauta ta zama suna kawai. Na huɗu fili: a Abuja filin ƙwallon makaranta a unguwa mai tsada ya fi ginin daraja, don haka yarjejeniyar da ba ta hana gina shaguna ko gidaje ba ta bar ƙofa a buɗe. Na biyar awo. In ba a gwada karatun yara kafin miƙawa ba, kuma ba wani na waje ne ya gwada ba, kowane ɓangare zai fito da alƙaluman da suka yi masa daɗi.

Edo a 2018 da Legas a 2019 sun bi hanyar kwangilar gudanarwa tare da kamfanin da ya kafa makarantun kuɗi na Bridge. Malami na nan a matsayinsa na ma'aikacin jiha, sai dai an ba shi ƙaramar kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin ranar a rubuce, tana kuma nuna lokacin da ya shiga aji da inda ya tsaya. Adawar ƙungiyoyi a can ba ta kai ta Oyo ba, tun da ba a taɓa albashi ba. Matsalar ita ce tsadar biyan kamfanin shekara bayan shekara, da ƙorafin cewa an mayar da malami mai karanta rubutun wani.

A wasu ƙasashe

Laberiya ta miƙa makarantu 93 ga ƙungiyoyi takwas a 2016. Bincike ya nuna karatu ya ɗan ƙaru, kuɗin da aka kashe ya yi yawa, an kuma fitar da yara daga wasu azuzuwan da suka cika. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, an sallami dubban ma'aikatan makarantun New Orleans, aka miƙa kusan dukkan makarantun birnin ga masu gudanarwa masu zaman kansu, ƙungiyar malaman birnin ta rasa yarjejeniyarta ta bai-ɗaya. Sakamakon jarrabawa ya tashi, amma ana gardama kan dalilin.